Yaƙin Basasa da Tashar Kafanchan: Wa Zai Zana Abin da Dattawanmu Suka Gani?



Duk wanda ya tashi a Kafanchan ya san tashar jirgin ƙasa. Wasunmu a gefenta aka haife mu, wasu iyayenmu ma'aikatan reluwe ne, wasu kuma kakanninmu jirgi ne ya sauke su a nan da kayan fataucinsu, suka ga wuri ya yi musu suka zauna. Yau idan ka bi ta wurin za ka tarar da tsofaffin taragu sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe wani sashe na dogon, jirage kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. Yaron da ya ratsa tashar a kan hanyarsa ta zuwa makaranta ba zai ga ko alama ɗaya da za ta gaya masa cewa yaƙin da ya fi kowane yaƙi muni a tarihin Nijeriya ya bi ta nan da mutanensa, da makamansa, da gawawwakinsa ba.

Wannan rashin alama shi ne abin da muke son mu tattauna a kai. Akwai biranen duniya da aka yi wa ruwan bama-bamai, daga baya mutanensu suka tattara abin da tsofaffinsu suka gani, suka mayar da shi zane da gini a bainar jama'a. Mu kuwa shaidunmu suna nan da rai, amma kullum raguwa suke yi. Yaron da yake da shekara 10 a 1967, yau ko dai ya kai 70 ko yana dab da kaiwa.

GARIN DA DOGO YA RAINA

Tun daga 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo. Layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurdi da Lafiya, a nan yake rabuwa biyu: reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tsaunukan Jos, wanda daga baya aka miƙa shi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri a 1964. Dogon ne ya ja mutane. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan, garin ya cika da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, a tsakiyar ƙasar Fantswam da maƙwabtansu Bajju da Kagoro da Kaninkon da sauransu.

Ma'anar wannan a lokacin yaƙi a fili take. Duk jirgin ƙasan da zai tashi daga Kano ko Kaduna ko Jos zuwa Gabas, sai ya ratsa Kafanchan. A watannin Satumba da Oktoba na 1966, lokacin da aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, taragun da suka kwashi waɗanda suka tsira zuwa Inugu ta wannan layi suka bi. 'Yan Arewan da ke zaune a Gabas, waɗanda su ma aka taɓa wasunsu aka kuma umarce su da su fice, da yawansu ta wannan hanya suka dawo. Garin reluwe kamar namu ya rasa direbobi da makanikai da akawuna da 'yan kasuwa da maƙwabtan shekara da shekaru a cikin 'yan makonni.

Ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara musayar wuta. Runduna ta Ɗaya ta sojojin tarayya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, daga Arewa ta gangara ta Makurdi ta nufi Nsukka da Ogoja, kuma dogon Kaduna zuwa Makurdi ta tasharmu ya bi. Sojojin Nijeriya da ba su wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙi sun kai kusan 250,000 a ƙarshensa. Samarin Kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, suna da kaso mai tsoka a wannan adadi, kuma ba dukansu ne suka dawo ba.

WUTA DAGA SAMA

Abin da yawancin matasanmu ba su sani ba shi ne, a watannin farko na yaƙin, Arewa ma ta ɗanɗana harin jirgin sama. Biyafara ce ta fara mallakar jirgin jefa bam, wani tsohon jirgin Amurka samfurin B-26 da aka yi wa fentin bakin babban kifi mai haƙora a hancinsa. Wanda ya kawo shi Inugu kuma ya tuƙa shi wani sojan haya ne ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach, wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu yana tuƙa jiragen yaƙi a Ingila. Da yake babu isassun bama-bamai na masana'anta, haɗin gida aka riƙa loda masa.

Ranar 10 ga Yuli 1967, kwana huɗu kacal da fara yaƙi, jirgin ya kai hari filin jirgin saman Makurdi, garin da ke kan layinmu, wanda Lafiya ce kawai babban gari tsakaninmu da shi. A watan Agusta hare-haren suka miƙa har Kaduna da Kano, a daidai lokacin da ake sauke jiragen yaƙi samfurin MiG da Tarayyar Sobiyet ta kawo wa gwamnatin Gowon a filin jirgin saman Kano. Ranar 7 ga Oktoba kuma wani jirgin fasinja samfurin Fokker da aka mayar na jefa bam ya tarwatse a sararin samaniyar Legas, duk waɗanda ke cikinsa suka mutu.

Ɓarnar waɗannan hare-hare ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da abin da ya biyo baya. Da jiragen tarayya suka kankama, MiG-17 da Ilyushin-28, wasu da matuƙa 'yan Masar, sai wutar ta juya Gabas, kuma ta sauka a kan talakawa. An jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci. A watan Fabrairun 1969 kaɗai, ɗaruruwan mutane sun mutu a kasuwannin Umuohiagu da Ozu Abam, akasarinsu mata masu saye da sayarwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in za mu ba da labarin tsoron da aka ji a Arewa, wajibi ne mu ba da na 'yan kasuwar da ba su koma gida ba. Kafin a ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970, fiye da mutum miliyan 1 sun salwanta a ƙiyasin mafi yawan masana, kuma yunwa ce ta kashe mafi yawansu.

ABIN DA AKA ADANA DA ABIN DA AKA BARI

Ba za a ce ƙasar nan ba ta tuna yaƙin ba sam. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a gaban mutum-mutumin soja, ana sakin tattabaru. A Umuahia akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da aka kafa a 1985, inda aka jera jiragen sama da motoci masu sulke da makaman da injiniyoyin Biyafara suka ƙera. Mawaƙanmu na baka da marubuta waƙoƙin Hausa ma sun yi wa sojoji waƙoƙi da dama a lokacin.

Duk waɗannan na soja ne da makami. Ina labarin matar da ke sayar da abinci a tasha, wadda ta ga taragun da suka tafi cike da samari, ta kuma ga yadda suka dawo? Ina na ma'aikacin reluwe da ya wayi gari abokin aikinsa na shekara 15 ya bar masa makullin ɗakinsa ya hau jirgi? Ina na ɗan kasuwar da canjin kuɗi na Janairun 1968 ya rutsa da shi, ko na yaron da ya fara jin kalmar bam a bakin iyayensa suna kasa kunne a rediyo? Waɗannan labarai a zaurukanmu suke, a bakin mutanen da ba wanda ya taɓa zama da su da biro da takarda. Ga shi kuma an yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun ƙasar nan.

YADDA WASU BIRANE SUKA YI

Birane uku sun isa misali.

Na farko Rotterdam ta ƙasar Holan. Ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen Jamus suka rushe tsakiyar birnin, mutane sama da 800 suka mutu, kimanin 80,000 suka rasa muhalli. A 1953 aka kafa mutum-mutumin da Ossip Zadkine ya sassaƙa: mutum ya ɗaga hannuwa sama, ƙirjinsa a huje babu zuciya, kamar yadda aka cire wa birnin tsakiyarsa. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne aikin da aka kammala a 2010. An bi iyakar inda gobarar ta tsaya, tsawon kusan kilomita 12, aka dasa ƙananan fitilu a cikin daɓen titi. Mai tafiya kasuwa yana taka layin ya san daga nan zuwa can toka ce a 1940.

Na biyu Coventry ta Ingila, wadda aka yi wa luguden wuta daren 14 ga Nuwamba 1940, aka kashe sama da mutum 500, babbar majami'ar birnin ta ƙone. Ba su share kangon ba. Sun bar shi tsaye, suka gina sabuwa a gefensa a 1962. A jikin bangon kangon an rubuta gajeren roƙon gafara, kuma limamin cocin na lokacin, Richard Howard, da gangan ya ƙi rubuta "a gafarta musu", domin a ganinsa babu ɓangaren da ba ya buƙatar gafara. Daga baya birnin ya ƙulla zumunci da Dresden ta Jamus, wadda jiragen Ingila da Amurka suka ƙona a Fabrairun 1945.

Na uku, wanda ya fi kusa da abin da muke iya yi, Hiroshima ce ta Japan. Bam ɗin nukiliya na 6 ga Agusta 1945 ya hallaka kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar. Bayan kusan shekara 30, a 1974, wani dattijo mai shekara 77, Iwakichi Kobayashi, ya kai wa gidan talabijin na NHK wani zane da ya yi da hannunsa na abin da ya gani a bakin wata gada a ranar. Shi ba mai zane ba ne, abin ne ya ƙi barin idonsa. Gidan talabijin ya yi kira ga sauran waɗanda suka tsira, cikin shekara biyu aka samu zane sama da 2,000, wasu a bayan kalanda, wasu a kan takardun talla, da yawa da ɗan rubutu a gefe mai bayyana wuri da lokaci. Suna nan a gidan tarihin birnin. Daga baya aka kwafi wasu a kan faranti na tangaran aka kafa su a unguwannin da abin ya faru. Tun 2007 kuma ɗaliban wata sakandare a birnin suke zama da tsofaffin na tsawon watanni, tsoho yana faɗa, ɗalibi yana zanawa, ana gyarawa har sai mai labarin ya ce haka abin yake.

A nan darasin yake. Zanen Hiroshima daga idon mutanen unguwa ya fito, shi ya sa babu mai iya cewa ƙarya ne, babu kuma mai jin an ɗora masa.

GWAJIN DA AKA YI A WAJENMU

Mu ma an taɓa gwada kafa alama a bainar jama'a, kodayake a kan rikicinmu na cikin gida ne. Kafanchan ta ga Maris 1987, ta ga 1999, ta ga Afrilun 2011 lokacin da babbar kasuwarmu ta ƙone, kuma kowane gida a garin nan, ko na wane addini ne, yana da abin da ya rasa a ɗaya daga cikinsu.

A watan Agustan 2002 malaman Musulunci da na Kirista su 22 suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, kuma cibiyar sulhu ta majami'ar Coventry ɗin nan da muka ambata tana cikin waɗanda suka taimaka. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a Kaduna. Ranar 23 ga Maris 2016 kuma wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. A Nuwamban shekarar Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ƙaddamar da wani babban allo a Samarun Kataf, inda waɗannan al'ummomi suka nemi afuwar juna a rubuce. Ba a jima ba aka lalata allon.

Niyyar allon mai kyau ce, kuma ba ƙaramar jarumta ba ce al'umma ta fito fili ta ce ta yi kuskure. Sai dai a fahimtarmu, kalmomin da ke jikinsa na wakilai ne da suka zauna a ɗakin taro, an kuma kafa shi a lokacin da ake ci gaba da binne mutane a ƙauyuka. Mai wucewa bai ga labarin uwarsa ko na ƙauyensa a jiki ba. Abin da mutum bai ga kansa a ciki ba, da wuya ya tsaya ya kare shi.

KO BA TONON TSOHON MIKI BA NE?

Mun san wasu dattawa za su ce a bar kaza cikin gashinta. Maganarsu tana da nauyi, domin sun ga abin da harshe yake jawowa a garin nan. Amma shirun da muka yi bai hana labaran yawo ba. Suna yawo a ɗakuna, kowane gida da nasa, kuma a kowane gida mu ne aka zalunta, su ne azzalumai. Yaro yana tashi da rabin labari, ranar da aka samu saɓani a kasuwa sai ya cike sauran da kansa.

Shi ya sa muke ganin yaƙin basasa ne wurin farawa. Ya yi nisan da za a iya maganarsa ba tare da jijiyar wuya ba, bai kuma yi nisan da shaidunsa suka ƙare ba. A wancan yaƙi ɗan Bajju da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ham tarago ɗaya suka shiga, rami ɗaya suka kwanta. Ibo kuma, da yawansu sun dawo bayan 1970 sun sake buɗe shaguna, 'ya'yansu da jikokinsu suna tare da mu. In muka iya zama muka saurari juna a kan 1966 zuwa 1970, mun koyi yadda wata rana za mu saurari juna a kan 1987 da 2011.

Kada kuma mu ɗauka wuta daga sama tsohon zance ne. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na soja ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, a jiharmu, aka rasa aƙalla mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Idan ba a rubuta sunayensu a inda ido zai gani ba, nan da shekara 30 adadi kawai za a riƙa ambata.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Aikin farko ba ya buƙatar kwangila ko kasafin gwamnati. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. A nemi izinin kaka ko baba ko tsohon ma'aikacin reluwe ko tsohon soja na unguwa, a zauna da shi cikin ladabi, a tambaye shi: Baba, ina kake lokacin da aka fara? Me ka gani da idonka a tasha? Wa ya tafi bai dawo ba? Wa ya ɓoye wani, wa ya ba wani ruwa? A rubuta shekara da wuri, a raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Iyaye mata kada a bar su a baya, domin sau da yawa su ne suka fi riƙe ƙananan abubuwan da maza suka manta. Kuma a tambayi kowa, har da maƙwabtanmu na coci da Ibon cikin kasuwa.

Aiki na biyu na matasa masu hannun zane ne. Muna da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, muna da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan, ga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ya yi suna tun kafin samun 'yancin kai. Su zauna da masu labarin kamar yadda ɗaliban Hiroshima suke yi, kada a ɗora komai a bango sai mai labarin ya amince.

Game da siffar aikin, mun san da yawa daga cikinmu ba sa son mutum-mutumi ko hoton mai rai, kuma babu dalilin tilasta wa kowa. Wannan yanki ya san fasaha tun fil azal: kan yumɓun nan na al'adar Nok da ake kira Kan Jama'a, a ƙasarmu aka tsince shi a 1943. Maginan Hausa kuma sun daɗe suna ba da labari a jikin bango ba tare da fuskar mutum ba. A tsofaffin gidajen Zariya an zana keke da mota da takobi a gefen dagi, kowa ya gani ya san zamanin da aka yi su. Za a iya zana tarago, da akwatin ƙarfe, da makulli, da rediyo, da inuwar jirgin sama, a rubuta gajerun maganganun dattawan a ƙasa da boko da ajami da Turanci da harsunan maƙwabtanmu. Za a iya jera sunayen 'yan garin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, bisa jerin haruffa, ba tare da ware addini ko ƙabila ba.

Wurin da ya dace kuwa shi ne kusa da tasha, bayan an nemi izinin hukumar jiragen ƙasa da shawarar masarautun yankin. Tashar ba ta masallaci ba ce, ba ta coci ba ce, kuma kusan kowane gida a Kafanchan yana da wanda ya sauka ko ya hau a cikinta.

Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Wanda yake da tsoho a gida, ya fara da shi a wannan makon, tun yana iya cewa ga inda na tsaya, ga abin da na gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya zaunar da Kafanchan da Kudancin Kaduna da ƙasarmu baki ɗaya lafiya.